Ludayin Kawu Bawa

Kawu Bawa bai taɓa sa hannu a tuwon kowa ba sai ya fara ɗanɗana miyar da ludayinsa. Ku da kuka san shi kun san ludayin: ɗan ƙarami na duma, ya yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagar wuyansa da zare, yana rataye da igiya a cikin rigarsa kamar laya. Za a ajiye masa kwano, ya buɗe, ya ciro ludayin ya goge da bakin riga, ya ɗebi miya kaɗan ya kurɓa. Sai ya rufe ido ya yi shiru, mu kuma matan gida muna tsaye muna jiran hukunci. Daga nan ya faɗi halin da ƙasa ke ciki.

"Rediyo na ƙarya," haka yake cewa. "Miya ba ta ƙarya."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma matar ɗansa na biyu, auren gida aka yi mana. Shi ya sa ban taɓa iya yi masa kunyar surukai ba, shi ma bai taɓa raga wa tukunyata ba. Maigidana Malam koyarwa yake yi a firamare a Shinkafi, don haka miyata tana bin albashi ne sau da ƙafa. Kawu zai kurɓa ya ce, "Kulu, wata ya yi nisa. Daudawa ta ka kuka ita ɗai cikin tukunya." Idan kuwa ya ji ƙamshin nama sai ya leƙa zaure ya ce wa ɗansa, "Malam, barka da arziki, gwamnati ta tuna da ku." Bai taɓa kuskure ba, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Tun rasuwar matarsa ya ƙi sake aure, ya ƙi a hura wuta a gidansa. Ya ce wuta guda don ciki guda ɓarnar itace ce. Sai ya raba kansa ga gidajen 'ya'yansa uku. Ya yi kwanaki a Ƙaura wajen babban ɗansa, Yaya Alhaji Garba, mai shagon sarin kayan masarufi da motar kansa. Ya zo wajenmu Shinkafi. Sannan ya gangara wani ƙauye bayan Zurmi, inda autarsa Hassi ke aure. Mijinta Isuhu manomi ne, gona ɗaya gare shi da tarin 'ya'ya, mutum ne mara surutu mai tsananin kishin kansa. Idan Kawu ya sauka can, 'ya'yansa maza su ke aika abin da zai ci, domin abin kunya ne a ce uba mai 'ya'ya maza yana cin rumbun suruki. Wannan aike shi muke kira abincin Baba. A da ba wani abu ba ne, ɗan hatsi ne da mai na 'yan kwanaki.

A gidan Alhaji in ya kurɓi miya cewa yake, "Wagga ta hi ƙarhin talaka, ko gaishe ta ba ni iyawa." Sai kuma ya siɗe kwanon tas. A gidan Hassi kaɗai ne bai taɓa cewa uffan ba. Ya kurɓa, ya yi bisimilla, ya ci abinsa. Ni har ƙorafi na taɓa yi masa, na ce son kai ne. Ya ce, "Ba a bugun wanda yak kwanta."

Ranar da aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Zamfara a gidana yake. Gari ya ruɗe, babura na ta shawagi, ana kaɗe-kaɗe, Malam ya shigo yana ta murna kamar shi aka naɗa. Na kawo tuwo. Kawu ya ciro ludayi, ya kurɓa, ya rufe ido fiye da yadda ya saba.

"Ƙaƙa kaj ji, Baba?" in ji Malam.

"Miyar Sakkwato ta," in ji shi. "A sake gwadawa baɗi."

Da aka fara shari'a kuwa ya yi farin ciki na gaske, musamman da ya ji za a riƙa karɓar zakka a raba. Ya ce zakka tana da ido, tana duban rumbu kafin ta ɗiba, haraji kuwa makaho ne. Wannan gaba tasa da haraji tsohuwa ce. Yana saurayi ya yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura don ya biya wa mahaifinsa harajin kai, kuma bai manta ba cewa abin da aka yanka wa mahaifin nasa mai akuya ɗaya shi aka yanka wa mai garken shanu. Daga nan ya ƙulla ƙiyayya da kalmar nan "daidai". Duk inda ya ji an ce kowa daidai, sai ya gyara zama.

Malam ya taɓa raka shi tashar Shinkafi zai koma Ƙaura. Aka zaunar da shi kusa da wani mahauci ƙato, mutumin kirki amma Allah ya hore masa jiki. Da ɗan kamasho ya zo karɓar kuɗi, Kawu ya miƙa rabi.

"Baba, kujera guda kuɗi guda na."

"Wace kujera? Gwada min tawa in gani. Bawan Allah ga ya zamna ga tasa, ya zamna ga rabin tawa. Ga ƙahwata can ƙarƙashin cinyatai, tun ɗazu ban ji ɗuriyarta ba."

"Haka doka take, kowa daidai."

Ai ko da ya faɗi haka ya gama jawo wa kansa. Kawu ya ce a kawo sikelin 'yan hatsi a auna su biyun. Mota ta cika, rana na dukan kwano, fasinja na ta magiya, shi kuwa ya harɗe hannu. Daga ƙarshe mahaucin ya zaro kuɗi ya cika, don dai a tafi. Kawu ya dube shi ya ce, "Kak ka jira godiya. Ba biya min kay yi ba, hilin da kac ci kab biya." Malam ya ce har motar ta fita tasha mahaucin na dariya, jikinsa na girgiza Kawu.

Haka muka san shi. Mutumin da ke tsaga ashana biyu da reza, sabulu ɗaya ya kai shi daga Sallah zuwa Sallah.

Ana gab da zaɓen da ya biyo bayan fara shari'a, wani ɗan takarar shugaban ƙasa ya fito da maganar haraji. Ba sai na faɗi sunansa ba, ba shi ne abin tunawa ba. Abin da muka ji a rediyo shi ne zai rage harajin da ake cira a albashi, ya rage wanda ake karɓa a kan ribar 'yan kasuwa, sannan ya ɗora ɗan abu kaɗan a kan kayan da kowa ke saye: gishiri, sabulu, kananzir, sukari, man girki. Duk wanda ya saya ya biya daidai, ba babba ba yaro.

Yaya Alhaji ya ji daɗi har ya liƙa hoton mutumin a ƙofar shago. Shi ragi biyu zai samu, don abin da aka ɗora wa gishiri ba daga aljihunsa zai fito ba, mai saye zai ɗora wa. Malam ma ya fara murna, sai da na ce masa abin da za a bar masa a albashi ni zan kai shi kasuwar Alhamis in baro shi can, mu tashi jiya-i-yau. Ya sosa ƙeya. Isuhu kuwa ba wanda ya tuna da shi a lissafin. Ba shi da albashi, ba shi da riba, babu abin da za a rage masa. Gishiri dai dole ya saya, kamar kowa.

Babbar Sallah ta zo muka haɗu duka a Ƙaura, gidan Alhaji. Al'adarmu ce ranar Sallah kowane gida ya dama wa Kawu fura. Uwargidan Alhaji ta kawo ƙatuwar ƙwarya, nono kamar a yanka da wuƙa. Ni na kawo kwanona madaidaici. Hassi ta zo da 'yan curin dawo tun daga ƙauye, ta dama a ɗan ƙoƙo ta ajiye a gefe. Daminar da ta wuce ta yi musu gardama, duk mun sani, amma ba wanda ya san iyakar abin. Ana zaune a rumfar tsakar gida, Isuhu can nesa kusa da ƙofar zaure saboda kunyar suruki, sai Alhaji ya ɗauko zancen ɗan takararsa.

"Baba, wanga shi na adalci. Ba a tsangwami mai nema ba. Ni in biya, Malam shi biya, kowa daidai."

Na ga Kawu ya gyara zama, na ce a raina yau akwai kallo. Ya jawo ƙwaryar, ya jawo kwanona, ya jawo ƙoƙon Hassi, ya jera su a gabansa. Ya ciro ludayi.

"Yau ni na gwamnati," in ji shi. "Ludayi uku-uku, kowa daidai."

Ya ɗiba daga ƙwaryar Alhaji ya shanye, furar ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗiba daga kwanona, ya sauka sosai amma da saura. Ya juya ga ƙoƙon Hassi. A ludayi na uku muka ji yana ƙwarzar gindin ƙoƙo. Ya kife shi, ya ɗaga ya nuna wa kowa.

"Garba, na yi adalci ko ban yi ba?"

Muka fashe da dariya, har da ni, har da yara. Alhaji ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma bakinsa ya fi tunaninsa sauri, kuma ba ya son a kayar da shi gaban matansa. Sai ya ce, "To Baba, ƙoƙon Hassi ai ba ni nis sassaƙe shi ba. Wanda yad ɗauke ta shi ka da cika shi."

Dariyar ta ɗauke. Isuhu ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Kafin la'asar ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, ba su tsaya an raba naman layya ba. Na ga Hassi tana ɗaure ƙoƙon nan a zane. Kawu yana zaune da ludayi a hannu, bai mayar da shi cikin riga ba har aka kira magariba.

Bayan mako guda Alhaji ya yi nadama irin tasa, ya aika buhun dawa a kan babur, ya ce zakka ce. A kan babur ɗin buhun ya dawo, da saƙo: "A ce ma Alhaji ƙoƙo ya cika." Malam ya gwada aika ɗan abu, shi ma aka maido. Isuhu ya rantse ko ƙwayar hatsi ba za ta sake shiga gidansa daga hannun surukai ba.

Ɗan takarar bai ci zaɓe ba. Amma gishiri bai ji labarin faɗuwarsa ba. Tun ana raɗe-raɗin ƙarin 'yan sari suka ɗaga kaya, kuma abin da ya hau a kasuwa kun san ba ya saukowa. A gidan Alhaji ba a ma lura ba. A gidana na rage mai, na koyi wanki da rabin sabulu. A gidan Hassi, daga baya na ji, hatsin rumbu suka riƙa ɗiba suna sayarwa don su sayi gishiri da kananzir, ga bazara ta miƙe, ga damina ba ta ko sauka ba.

A lokacin ne Kawu ya ɗauki sandarsa ya tafi ƙauyen, ya sauka, ya ƙi tashi. Isuhu ba shi da yadda zai kori surukinsa. Ba shi kuma da bakin hana 'ya'ya su ciyar da ubansu.

Sai saƙonni suka fara zuwa ta bakin direbobi da 'yan kasuwa. A ce wa Garba buhun gero ya ƙare. A ce wa Garba manja, da gishiri, da busasshen kifi. A ce wa Malam sabulu da kananzir. Mako ya zagayo, a sake. Mu dai mamaki ya ishe mu. Mutumin da ke tsaga ashana, yau shi ke shanye kananzir kamar mai gidan biki?

"Ko karatu Baba ya koma yi da hitila?" in ji Malam.

"Tsufa ne ya zo masa da kwaɗayi," in ji ni. Ina aunawa ina mita, ba zan ɓoye ba, don mu ma ba a yalwace muke ba. Alhaji ya taɓa aika tambaya ko da wani yake cin buhun. Amsa ta dawo: "A ce mai lokacin da nika ciyar da shi ban taɓa tambayar shi ina yaka kaiwa ba." Alhaji ya ƙara buhu, bai sake magana ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, bai taɓa neman buhu a wajenmu ba, bai kuma taɓa neman ɗan kaɗan a wajen Alhaji ba.

Damina ta yi tsakiya muka ji ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya. Alhaji ya tura mota a ɗauko shi a kai asibiti. Kawu ya sa direba ya sauke kayan abinci, ya ce ya gaida mutanen Ƙaura. Aka sake turawa, ya sake korowa. Sai suka ce ni in je, tunda ni kaɗai ke iya gaya masa magana ido da ido.

Na isa da hantsi, hanya duk taɓo. Na same shi kwance a tabarma a inuwar rumbu. Rigar ta yi masa yawa, wuyansa duk jijiya, ƙafafun kamar ba nasa ba. Mutumin da muke cewa ya zama mai kwaɗayi ke nan. Yaran Hassi kuwa na ta guje-guje a tsakar gida, kumatunsu da ɗan nama.

Hassi ta kawo masa tuwo. Ya ciro ludayi da ƙyar, ya kurɓi miya, ya ɓata fuska.

"Gishiri ya yi yawa. Wa ka iya cin wagga?" Ya yi loma biyu ya ture kwanon. "Kai, ku zaka ku ɗauke, ku da ba ku san daɗi ba."

Yaran suka zo suka ɗauka, da alama sun saba. Hassi ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Miyar da bai taɓa kushewa ba tsawon shekaru, yanzu kullum sai ya samo mata laifi. Jiya yaji, yau gishiri.

Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, tashi mu tafi. Wannan ba taurin kai ba ne kuma, kashe kai ne."

"Kulu, in nit tashi, buhu ya tashi."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Yaron ga talaka na, amma shina da abu guda da ko haraji bai taɓa mai ba, mutuncinai. Ni nid ɗebe shi da ludayi gaban mutane, don in ci gardama. Na ci gardama, ɗiyana sun kwan da yunwa. Ki gaya min wa yay yi riba."

"To a gaya wa Yaya Alhaji gaskiya, ya ci gaba da aikowa ko ba ka nan."

"Shi aiko ma wa? Isuhu na maida shi kan babur. Abincin Baba ɗai ka shiga gidan ga, sai kuma da Baba ciki." Ya ɗan yi murmushi. "Yanzu ni na harajin. Amma ni ina da ido. Garba buhu, ku tiya. Kowa gwargwadon wuyanai."

Hawaye na zubo min amma sai da na ce, "Da sabulun da kake ta karɓe mana?"

"Dube ni da kyau. Kin ga alamar wanka?"

Na yi dariya ina kuka, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya nuna gonar da ke bayan danga, gero ya fara fitar da kai.

"Ku yi min haƙuri gero shi nuna. Ran da anka ci tumu gidan ga, ku aiko da mota, ni da kaina nika shiga. Ko rabin kujera ku ba ni."

Daga nan Ƙaura na wuce kai tsaye, na zazzage wa Alhaji komai, ban rage masa ko kalma ba. Yana zaune a shago tsakanin buhunan gishiri ya saurare ni har ƙarshe. Washegari ya ɗauki malamin asibiti suka tafi ƙauyen. Malamin ya duba, ya ba da magani, ya ce wannan ciwo ba na jinya a gida ba ne, a asibiti ya kamata ya kwanta. Alhaji ya durƙusa gaban ubansa yana roƙo, Kawu ya ce sai gero ya nuna. Alhaji ya nemi ganin Isuhu ya ba shi haƙuri, aka ce tun da ya ji ƙarar mota ya tafi gona, bai kuwa dawo ba sai da motar ta bar gari. Maza biyu, kowa da girman kansa, tsoho na narkewa a tsakani. Har yau in na tuna raina na ɓaci, kuma ban san wanda zan fi jin haushi ba.

Muka zauna muna jiran gero kamar mu muka shuka shi. Duk wanda ya zo daga wajen Zurmi sai na tambaye shi ya gonaki. Wata ranar kasuwa da yamma saƙo ya iso: "A ce ma Garba gero ya nuna." Da sassafe muka kama hanya, ni da Malam da Alhaji, har da katifa a bayan mota. Tun daga nesa muka hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune, ba mai magana. Direba ya kashe mota, ba wanda ya iya buɗe ƙofa.

Hassi ta ba ni labari daga baya. Ta ce jiya da rana yaran suka karyo gero aka gasa. Aka kai wa Kawu kai ɗaya, ya murje a tafin hannu, ya hure, ya zuba a baki yana ta mamula da 'yan haƙoran da suka rage. Ya rufe ido yadda ya saba, duk suka tsaya suna jira. Sai ya ce, "To, rumbu ya karɓi aiki. Ni na sauka." Ya nemi tuwo, ya cinye kwanonsa duka, bai kushe komai ba. Bayan sallar asuba ya cika.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu, muna tsakar gida mu kaɗai, sai ga Isuhu ya fito daga ɗaki yana jan sauran buhun gero. Ya kawo shi gaban Alhaji ya jingine.

"Alhaji, mai abinci ya tahi. Ga saura."

Hassi ce ta taso, ludayin na hannunta. Ta ce Baba ya bar wasiyya, gaban liman ya faɗa, Isuhu ma na wurin. Ta faɗe ta yadda ya faɗa: "Ludayina nan za shi zamna. Tun can shi ka cin abincina, ni rakiya nika yi mai. Dut inda ludayi yake, nan abincin Baba za shi. Wanda yab bar shi da yunwa, ni da shi gobe kiyama."

Wallahi sai da muka yi dariya, a gidan makoki, hawaye na gudu. Malam ya toshe baki da hula. Alhaji ya tashi ya kama hannun Isuhu da hannu biyu, ya ce, "Isuhu, bakina yaj ja muna wanga. Ka yahe min don Allah."

Isuhu ya dube shi. Ya ce, "Na yahe, Alhaji. Tun buhun hwarko na san ba tsoho ka ci ba. Niy yi kurum don ɗiya. Ina kallo nai shina ramewa, niy yi kurum." Ya sunkuya ya ɗauki buhun a kafaɗa, ya mayar da shi ɗaki.

Abincin Baba bai yanke ba har yaran suka tasa. Alhaji buhu, mu tiya, yadda ya yanka mana. Direbobi suka saba, sai ka ji suna cewa ga kayan ludayi. Amma Hassi ta gaya min abin da ban taɓa gaya wa Alhaji ba sai yau da yake jin wannan: Isuhu bai taɓa sa hannu a tuwon buhun nan ba. Nasa daban ake tuƙa masa da hatsin gonarsa, ran da babu ya ce ya ƙoshi. Haka ya yi har ya bar duniya. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda rashin tsaro suka komo cikin Zurmi, Hassi ta baro gado da tukwane, amma ludayin yana ɗaure a bakin zanenta.

Zaɓe nawa aka yi tun daga nan, kuma kowane da mai alkawarin haraji. In na ji an ce kowa daidai, ƙarar ludayi nake ji a gindin ƙoƙo. Kuma har yau in na sauke miya nakan ɗan dakata kafin in zuba, ko wani zai gaya min wata ya yi nisa. Ba mai gaya min. Ina kewar mutumin nan fiye da yadda na zata zan yi kewar wanda ya shekara talatin yana zagin tukunyata.

Allah ka jiƙan Kawu Bawa, ka yafe masa ranar Sallar nan, shi bai yafe wa kansa ba. Ka haɗa shi da Isuhu a inda ba mai jin kunyar wani. Ya kwana da yunwa don yara su ƙoshi, ya Allah in ka tashi ɗibar masa daga rahamarka, kada ka auna da ludayi.